Yarinyar da Na Koya wa Kuka

Duk wanda ya ce muku zazzaɓi ne ya kashe ɗana, ku ce masa Alice ta ce ƙarya yake yi. Ina wurin aka yi komai, da idona biyu.

Mu manoma ne, daga wani ɗan ƙauye a bayan Kusasu. Na daɗe a gidan mijina Gabriel ban haihu ba, har matan coci suka gaji da sa ni a addu'a, sai ga ciki. Da na sauka na samu namiji, na ce sunansa Miracle, kowa ya ce ya dace. Daga ranar aka daina kirana Alice, na zama Maman Miracle. Wallahi ko mutum ba shi da abin faɗa mini, in ya kira sunan nan sai na juyo da fara'a.

A shekarun da 'yan bindiga suka matsa mana, muna da namu tsarin. Da an ji ƙugin babura daga wajen daji, ba a tsayawa ɗaukar komai, kowa ya nufi kwazazzabon da ke bayan gonakin dawa, a kwanta a ƙarƙashin saiwoyin itatuwa. Mai goyo ta kwance ɗanta ta cusa masa nono a baki. Yayan mijina, Obed, shi ke tsara mu, wane kwanta nan, wance matsa can. Ana jin maganarsa, don ba zan hana shi haƙƙinsa ba, ya sha fitar da mu.

Ranar da abin ya faru da rana tsaka ne, muna yankan dawa. Muka ji babura, muka ruga. Miracle yana haƙori a lokacin, bakinsa duk ciwo, na ba shi nono ya ƙi, na sake ba shi ya kauda kai ya fara kuka. Baburan kuwa sai suka tsaya daidai saman kwazazzabon, har muna jin suna magana. Obed ya jawo ciki ya zo kusa da ni.

"Kawo shi nan," ya ce cikin raɗa.

Ban ba shi ba, shi ya zare shi daga hannuna. Ya ɗora masa tafin hannunsa, hannun manomi da ya yi kanta, ya rufe baki ya rufe hanci gaba ɗaya. Na ga ƙafafun ɗana suna shure-shure. Na miƙa hannu, Gabriel ya danne ni ta baya. Ina kallo shure-shuren ya ragu, ya ragu, har ya tsaya. Da baburan suka wuce, Obed ya miƙo mini shi, kansa yana lilo.

"Ai tun jiya kin ce jikinsa da zafi," in ji shi. "Zazzaɓi ne."

Na duba fuskokin mutanen ƙauyenmu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai. Duk sun san da ran ɗana aka sayi nasu, kuma ba mai son ya san haka. A nan cikin kwazazzabon aka tona rami da lauje aka rufe shi. Da na buɗe baki zan yi kuka, aka ce in yi shiru, ƙila mutanen ba su yi nisa ba. Na haɗiye. Daga ranar kuma, kamar an yi taro an yanke shawara, kowa ya koma kirana Alice.

Ban ƙara kwana da yawa a ƙauyen ba. Na ce wa Gabriel ko ya biyo ni ko ya zauna da yayansa, ya biyo ni, muka kama ɗaki a cikin garin Birnin Gwari, a gidan wata bazawara mai suyar ƙosai, Muslimat. Ranar farko ta tambaye ni sunana, na ce Maman Miracle. Ta ce ina Miracle ɗin, na ce yana kwazazzabo. Ta dube ni, ba ta ƙara tambaya ba, kuma har yau da sunan take kirana.

Bayan damina ta zagayo, sai labari ya zo cewa Susan matar Obed ta rasu, amai da gudawa. Ta bar 'yarsu Praise, wadda take bayan uwarta a kwazazzabon ranar nan, da nono a baki, lafiya lau. Ba a jima ba sai ga Obed a ƙofar ɗakina, riƙe da hannun yarinya 'yar shekara biyu da wani abu, siririya, kai duk ƙura.

"Matar ƙanena, dattawa sun zauna," ya ce, yana kallon bango. "Ni zan shiga wajen haƙar zinare. Sun ce tunda bayanki babu kowa, ki riƙe ta."

Ku ji fa. Bayana babu kowa. Kamar mutum ya fasa maka tulu da gangan, ya kawo maka aron nasa, yana jiran godiya. Su a wautarsu sun ɗauka lallashina suke yi, in na samu abin goyo zan manta.

"Ajiye ta, Yaya," na ce.

Na karɓe ta ne don abin da ya fi so a duniya ya dawo hannuna. Ban san me zan yi da ita ba tukuna, amma na san ina so wata rana ya tsaya a gabana yana miƙo hannu a danne shi. Da farko abinci kawai nake ba ta, in yi mata wanka, in shimfiɗa mata tabarma. Ba na wasa da ita, ba na goya ta. Ita ma ba ta nemi komai ba. In ta ji ƙishi sai ta matso ta ce "ruwa" can ƙasan maƙoshi. In ɗan acaɓa ya wuce ta ƙofar gida, sai ta kwanta rub da ciki a inda take. Na ce a raina, yarinya mai sauƙin riƙo.

Wata safiya ina wanke-wanke, Muslimat ta ƙwala mini kira daga bakin murhunta. Na zo na tarar da Praise a tsugune bayan randa, ta rufe bakinta da hannu biyu, gumi yana karyo mata, yawu yana bi ta tsakanin yatsunta, jikinta yana rawa kamar mazari. Muslimat ta ɗaga itacen girki, ga kunama baƙa ƙirin. Allah kaɗai ya san tun yaushe ta harbe ta. Muka kwashe ta zuwa asibiti, aka yi mata allura a wurin, ko uhum ba ta ce ba, hannun nan dai yana kan baki. Har malamar asibitin ta tambaye ni ko bebiya ce.

A hanyar dawowa Muslimat ta tsaya ta dube ni. "Maman Miracle, yaron da ba ya kuka, ta ina za ki san yana mutuwa?"

Da Gabriel ya dawo daga leburancinsa na tsare shi, na ce sai ya faɗa mini abin da aka yi wa yarinyar nan. Ya yi ta kame-kame, daga baya ya faɗa. Wai tun bayan ranar kwazazzabo, duk lokacin da Praise ta buɗe baki za ta yi kuka, ko a gida ne, ko babu babur ko ɗaya, Obed sai ya rufe mata baki. Wai gara ta koya tun da wuri. Ya yi ta yi har ta iya yi wa kanta.

Na zauna a bakin gado ina kallonta tana barci, hannunta ko a cikin barci yana kusa da leɓe. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba tun ranar da aka rufe ɗana. Wato mutumin nan ya kashe nawa gaba ɗaya, ya kashe rabin tasa, kuma yana yawo ana ce masa mai dabara. A nan na san abin da zan yi da 'yarsa. Na ce sai na koya mata kuka, irin wanda za a ji daga nan har kasuwa.

Kada ku ɗauka abu ne mai sauƙi. Na ciro zanen goyon Miracle daga ƙasan akwati, na goya ta, ƙatuwar yarinya ƙafafu suna dukan cinyata. Da ita nake zuwa rijiya, da ita nake zuwa niƙa, kayana a kafaɗa irin namu na Gbagyi, ita a baya, matan unguwa suna tsokanata wai na zama motar kasuwa. In acaɓa ya wuce na ji ta sandare, sai in yi ta jijjiga ta ina cewa, "Usman ne mai kai yara makaranta, ɗaga masa hannu." In ta faɗi ta kai hannu baki, sai in durƙusa in cire hannun a hankali in riƙe shi a cikin nawa, in ce mata, "Da zafi ko? Faɗa mini da zafi." Sai ta yi ta kallona, hawaye yana zuba, murya babu.

Muslimat ce ta kawo dabarar randa. Ranar da ruwa ya ƙare, ta zura kanta cikin randar ta ce "Wooo," randar ta amsa. Praise ta zaro ido. Ni ma na zura kaina na yi. Muka ɗaga ta muka leƙa da ita, ta daɗe tana numfashi a ciki, can sai muka ji wani ɗan "uu" kamar na kurciya. Ta fito da kai da sauri tana duba ƙofa, tana jiran abin da zai biyo baya. Da ta ga ba abin da ya biyo baya sai mu biyu muna tafa mata, ta sake zura kai. Wata da watanni muryar yarinyar nan a cikin randa take zaune. Da gangan nake barin randa ɗaya babu ruwa, Gabriel yana mita, ina ce masa ya sha na rijiya.

Kukan farko kuwa a kan ƙosai aka yi shi. Muslimat ta ba ta guda mai zafi, tana hurawa, akuyar maƙwabta ta zo ta fizge. Praise ta tsaya, leɓenta ya fara rawa, hannu ya taso. Ina daga nesa, ban motsa ba. Hannun ya zo daidai haɓa ya tsaya. Sai ta wage baki ta saki wata ƙara, kai, har akuyar ta saki ƙosan. Muslimat ta rangaɗa guɗa, ni kuma na kama rawa a tsakar gida da ludayi a hannu. Maƙwabta suka leƙo, suka ga yarinya tana ihu manya suna rawa, suka koma suna cewa matan gidan nan sun taɓu. Da na gama rawar na ɗauke ta na rungume, na bar ta ta yi har ta gaji.

Daga nan fa sai abin ya zama ba dama. A hana ta wasa da wuta, kuka. A ce ta sa takalmi, kuka. Duk layinmu ba wanda ya kai ta murya, kuma ko sau ɗaya ban taɓa ce mata ta yi shiru ba. Ta fara kirana Mama, ta yi ƙiba, ta iya zagin akuya. Ina sonta, wannan ba na ɓoyewa, ina sonta har cikin ƙashina. Amma duk kukan da ta yi, ina cewa a raina, wannan na ajiye wa ubanki.

Da hanya ta ɗan lafa, mutane suka fara komawa gonakinsu, sai Gabriel ya zo mini da saƙo. Obed ya dawo daga haƙar zinare, ya yi sabon aure, zai koma ƙauye, yana son 'yarsa. Dattawan da suka ba ni ita sun ce dama riƙo ne. Na ce to. Sharaɗina ɗaya, ya zo ranar Lahadi bayan an tashi coci, kuma a gayyato duk 'yan ƙauyenmu da ke cikin gari, a ci abinci, a yi abin a gaban jama'a. Gabriel har da murna, wai na huce.

Muslimat ba ta ruɗu ba. Tana taya ni gyaran shinkafa ta ce, "Na san abin da kike shiryawa. Kada ki yi faɗanki da bakin yarinya."

"Da bakin yaro aka fara shi," na ce mata.

Suka zo, tsakar gidan ta cika. Kusan duk wanda ya kwanta a kwazazzabon ranar nan yana nan a kan tabarma, da kwano a gabansa. Obed ya zo a kan babur sabo, ya yi baƙi ya rame, ya kawo wa Praise riga da alewa. Ta leƙo daga bayan zanena ta koma, ba ta gane shi ba. Aka ci, aka yi addu'a, dattijon coci ya yi mini godiya mai tsawo, ya ce Allah zai saka wa Alice. Sannan ya ce in miƙa yarinya.

"Ni ba zan miƙa ba, Baba," na ce. "Uban yana da hannu. Yaya, zo ka ɗauki 'yarka."

Ya taso yana murmushin dole, ya sunkuya ya ɗaga ta. Ta dubi fuskarsa, ta dube ni, ta ga ban miƙo hannu ba, ta ga ya juya da ita wajen babur. Sai ta saki muryar nan da muka yi wata da watanni muna renonta a randa. Ta banƙare, tana shure-shure, tana "Mama, Mama," kaji suka watse. Na ga idon Obed ya tafi ƙofar gida, ya tafi saman katanga, kamar mai jiran wani ya leƙo. Bai yi tunani ba, na rantse bai yi ba. Hannun ne ya tafi da kansa, ya rufe baki ya rufe hanci.

Ba abin da ke motsi sai ƙafafun yarinyar. Kowa a wurin ya taɓa ganin wannan, kuma yau babu babura a sama, babu saiwar da mutum zai ɓoye fuskarsa. Wata tsohuwa ta ajiye cokalinta ta kama kai.

"Danna da kyau mana, Yaya," na ce. "In ta daina motsi, ga shaidu nan, sai mu ce zazzaɓi ne."

Ya dubi hannunsa kamar ba nasa ba, ya cire. Praise ta zame ƙasa ta rugo ta shige jikina, na ɗauke ta. Na yi niyyar in faɗi maganganun da na daɗe ina wasawa, ɗaya bayan ɗaya, cikin sanyi. Na fara, na ce sunan ɗana Miracle, na ce yana haƙori ne kawai, na ce kun rufe shi da lauje kamar mushen kaza kuka hana ni ko kuka. Daga nan muryata ta ƙwace mini. Kukan da na haɗiye a kwazazzabo ya taso gaba ɗayansa, na buɗe baki na sake shi a gaban kowa.

Sai na ji wani ɗan tafi mai ɗumi, mai ƙamshin alewa, ya rufe mini baki. Praise ce. Ta daina nata kukan ɗif, ta sa hannu ɗaya a bakinta, ɗaya a nawa, idonta a waje tana duban ƙofa. Taɓawa ɗaya ubanta ya yi mata, duk wahalarmu ta koma farko. Na hango Muslimat a bakin murhu ta juya mana baya.

Na cire hannun daga bakina, na cire ɗayan daga nata, na haɗa su na riƙe a ƙirjina. "A'a, Praise," na ce mata. "A gidan nan ana kuka. Dube ni." Na ci gaba da nawa, da ƙarfi, ina kallon cikin idonta. Ta daɗe tana kallona, leɓe yana rawa. Can ta kama, a hankali da farko, sannan da dukan ƙarfinta. Muka tsaya a tsakiyar mutanen ƙauyenmu muna yi, ba wanda ya isa ya ce mana uffan.

A cikin kukan na ji Obed ya ce wani abu. Na ce ya ɗaga murya, babu kowa a saman katanga.

"Ba zazzaɓi ba ne," ya ce.

"Wa kake faɗa wa?"

Ya dube ni. "Maman Miracle, ba zazzaɓi ba ne. Ni ne."

Dattijon coci ya fara maganar gafara, na ce Baba a bar wannan tukuna, ban kai nan ba. Na ce wa Obed ga sharaɗina, kuma a gaban waɗannan mutanen nake faɗa. Ƙofata a buɗe take, ya zo duk ranar da ya so. Ranar da ya iya zaunawa, 'yarsa ta yi kuka a gabansa tun daga farko har ta gama don kanta, hannunsa bai motsa ba, ya ɗauke ta, ni da kaina zan haɗa mata kaya. Ba wanda ya ce ban yi daidai ba, har Gabriel, wanda tun da aka fara kansa yake tsakanin gwiwoyinsa.

Yana zuwa kusan kowace Lahadi. Yakan zauna a kan benci kusa da randa, ya tura hannuwansa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne. Praise ta saba da shi, tana karɓar alewarsa, wani lokaci har ta hau babur ɗin tana danna oda. Amma yarinya ce, ba a rasa abin da zai ɓata mata rai, kuma ni ba na lallashi da wuri in yana nan. Da ta fara sai in ga gumi ya keto masa, idonsa yana zuwa ƙofa. Ina tsaye ina kallonsa, ba na jin tausayinsa ko kaɗan. Har yau bai taɓa kai ƙarshen kuka ɗaya ba, sai ya tashi ya fita waje. Praise tana nan a wurina.